Na dafa ruwan teku don in samu gishiri, ya fito da ɗaci kuma yana jiƙewa da kansa

Ɗan_Agege:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu ilimin kimiyya ku zo ku warware min wani abu. Sati biyu da suka wuce mun je bakin teku a Badagiri da yara, sai na ciko jarka mai lita 25 da ruwan, saboda na sha ganin ana tallan gishirin teku wai ya fi na leda lafiya kuma tsadarsa ba a magana, na ce to ga tekun nan a ƙofar gida me zai sa in saya. Na tace da ƙyalle, na ɗora a babbar tukunya kan itace, kwana biyu ina fama sai da ya ƙafe ƙaf. Abin da na kankaro bai fi gwangwanin madara huɗu ba, launinsa toka-toka, ga ɗaci a ƙarshen harshe kamar an jiƙa maɗaci, washegari kuma na tarar ya yi danshi alhali a rufe yake. Uwargida ta ce kar ma in nufi kicin ɗinta da shi. Ina matsalar take, ruwan ne ko ni ne?

Baban_Khairat:
Wa alaikumus salam. Kai ne matsalar mana, kuɗin itacen da ka ƙona ai ya sayi gishirin shekara biyu 😂 Allah ya ba uwargida haƙuri.

Hajjo_Mai_Waina:
Ni dai ina ganin tukunyar ce. In ta dalma ce gishiri yana cinta, shi ya sa ya yi baƙi-baƙi. Kuma ƙanena ruwan Ikko fa, duk dattin garin can yake gangarawa, ka zubar kawai.

Malam_Sinadari:
Hajiya tana da gaskiya ta ɓangaren launi, tukunya da hayaƙi da laka duk za su iya sa shi ya yi toka. Amma ɗacin da danshin ba daga nan suke ba, ko a tsakiyar teku ka ɗebo ruwan, ka dafa a tukunyar gilas, in dai ka bari ya ƙafe ƙaf haka zai fito. Kuskurenka ɗaya ne, ka wuce wurin tsayawa.

Ruwan teku ba gishirin miya kaɗai ke cikinsa ba. A kowane kilo ɗaya akwai kamar giram 35 na narkakkun abubuwa, gishirin da muke ci wajen giram 27 ne a ciki, sauran gishirin magniziyam ne da kalsiyam da fotasiyam. Kuma ba tare suke fita ba idan ruwa yana ƙafewa, layi suke bi, wanda ya fi ƙin narkewa shi yake fara sauka. Farko irin farar ƙasar nan ta alli, 'yar kaɗan. Idan ruwan ya koma kamar kashi ɗaya cikin biyar sai jifsam ya fara sauka, wannan dai da ake yin POP na silin da shi. Idan ya koma ɗaya cikin goma sai gishirin gaske ya fara ƙanƙara. Masu ɗacin, wato na magniziyam, su ne 'yan ƙarshen layi, suna nan a cikin ruwa har sai ya kusa ƙarewa. Kai kuma ka tsaya ka jira kowa ya sauka ka haɗa su a kwano ɗaya.

Danshin ma aikin magniziyam kuloraid ne, yana zuƙar ruwa daga iska ko da iskar ba ta da laima sosai, balle ta Legas.

Ɗan_Agege:
Ikon Allah. Wato Malam POP na so in zuba wa iyalina a miya kenan.

Ummu_Sudais:
Subhanallah, ni abin da ya faɗo min a rai ayar Suratul Furƙan ce, inda Allah ya ce wannan ruwan daɗi ne garɗi, wannan kuma milhun ujaj. Malaminmu na islamiyya ya fassara mana ujaj da mai tsananin zartsi har da ɗaci. Ashe ɗacin a jikinsa yake.

Injiniya_Sabo:
Ƙari kan bayanin Malam, wannan layin da ya faɗa ba hasashe ba ne, an auna shi tun 1849. Wani Bafaranshe mai suna Usiglio ya ɗebi ruwan Bahar Rum a kusa da garin Sète, ya riƙa ƙafar da shi kaɗan-kaɗan yana auna abin da ya sauka a kowane mataki, har yau in ka buɗe littafin ilimin duwatsu za ka ga jadawalinsa. Masu gonar gishiri kuwa ba su damu da lissafin kashi-kashi ba, wani ɗan ma'auni suke jefawa a ruwan yana yawo a kai, ma'aunin Baumé. Ruwan teku yana nuna kamar 3.5, gishiri yana fara ƙanƙara wajen 25 zuwa 26, in ya kai 29 ko 30 sai su buɗe hanya su kore sauran ruwan. Shi ya sa gonar take fage-fage kamar ta shinkafa, ruwa yana tafiya daga wannan zuwa wancan, jifsam ya zube a fagen baya, gishiri ya zube a nasa fagen shi kaɗai.

Malam_Sinadari:
Injiniya gyara kaɗan, a Faransa ya yi aikin amma mutumin Italiya ne. Sauran duk haka yake.

Injiniya_Sabo:
Na karɓa ranka ya daɗe.

Ba'agadashe:
Ku kuna ta kiran Turawa, mu nan abin da kuke hwaɗi kakanninmu sun san shi ba da ma'auni ba. Ku tai Bilma ko Fashi ku gani. Rami ne ake ginawa har a iske ruwan zartsi na ƙasa, rana ta yi aikinta, gishiri ya yi ɓawo bisa ruwa, ma'aikaci ya riƙa hwasa shi yana nutsewa. Mai kyan, hwari tas, shi ne beza, na mutane. Wanda ya gauraye da ƙasa da sauran tarkace shi ake cusawa cikin kututturen dabino a hiddo kantu, na bisashe. Wa ya koya musu raba su? Ni na bi ayari sau guda ina saurayi, ta Tenere, har yanzu in na tuna ƙishirwar sai in tashi in sha ruwa. A Tigidda-n-Tesemt kuma wata dabara ce daban, ƙasar gishiri suke jiƙawa su tace su zuba cikin ƙananan gurabu, in ka hango daga nesa kamar an jera kwanoni masu launi-launi.

Baban_Khairat:
Baba na Agadas ya shigo, yau za mu sha tarihi. Amma fa Bilma ba teku ba ce Baba.

Ba'agadashe:
Ɗana mi ya raba su? Ruwa ne mai gishiri, rana ta shanye shi.

Malam_Sinadari:
Wannan tambayar ta Baba ita ce ta fi komai daɗi a zancen nan, kuma akwai abin da ya raba su. Rana ɗaya ce amma ruwan da aka fara da shi ba ɗaya ba ne. Ku lura, me ya sa gefen Tafkin Chadi da ƙasar Manga suke ba da kanwa da ungurnu, teku kuwa ko shekara dubu ka yi kana shanya shi ba zai ba ka kanwa ba? Wasu masana biyu a Amurka, Hardie da Eugster, sun fitar da bayanin a 1970. A taƙaice, lokacin da allin nan na farko yake sauka yana cinye kalsiyam da kabonet daidai wa daida, to duk wanda ya fi yawa tun farko shi zai rage ya mallaki ruwan. A teku kabonet ne yake ƙarewa, sai hanya ta miƙe zuwa jifsam da gishiri da ruwan ɗaci. A ruwan da koguna suka kawo cikin ƙasa irin na Chadi sau da yawa kalsiyam ne yake ƙarewa, kabonet ya rage ya haɗu da sodiyam, shi ne kanwarmu ta tuwo da ɗanwake. Shi Eugster ɗin ma har takarda ya rubuta da wani Bafaranshe Maglione a 1979 a kan ruwan zartsin yankin Tafkin Chadi. Kun ga mararraba ce, tun a matakin farko kowa yake kama hanyarsa.

Ni kaina sai da na karanta wannan na daina yi wa kanwa kallon gishirin da ya lalace.

Nas_Bilkisu:
Ku yi haƙuri zan katse muku daɗin hira, ni farkon maganar Ɗan_Agege ce ta tsaya min, inda ya ce wai gishirin teku ya fi lafiya. Dan Allah a daina yaɗa wannan. Kullum sai mun samu mai hawan jini da zai ce ai ya bar gishirin leda ya koma na teku ko jan nan na Himalaya, yana zubawa son ransa, a auna a ga jini yana nan inda yake. Duk sodiyam ne, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa, ɗan magniziyam ɗin da ake kuranta shi da shi ba zai kai ya yi maka komai ba sai in za ka ci abin da zai kwantar da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kar ya kai giram 5 a rana, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi da burodi da indomi.

Na biyu kuma aidin, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo. Mutane suna ɗauka tunda daga teku yake to cike yake da aidin, ba haka ba ne, ɗan abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Na leda zuba masa ake yi a kamfani, a Najeriya tun 1993 aka wajabta. Ku tambayi iyayenmu yadda maƙoƙo yake da yawa a ƙauyuka da. Mai ciki musamman kar ta yi wasa da wannan, ƙwaƙwalwar jariri ce a ciki.

Sarkin_Musu:
Nas da girmanki amma ban yarda duka ba. Kakannin namu da suka ci balma da mangul da gallo shekara da shekaru ai sun fi mu ƙarfi, hawan jinin ma sai yanzu muke jin sunansa. Ni ina ganin duk abin da ya bi ta injin an cire masa albarka.

Nas_Bilkisu:
Yayana wa yake auna su a lokacin? Mutum ya faɗi rabin jiki ya shanye a ce iska ce ta buge shi. Kuma su noma suke yi da tafiyar ƙasa, ba zaman shago da lemon kwalba ba.

Sarkin_Musu:
To ɗanɗano fa? Nan kam ba ki isa ki ce ɗaya ba ne.

Hajjo_Mai_Waina:
A nan kam ina bayanka, miyar da aka yi da beza daban take. Amma ni sana'a nake, na leda nake saya don shi ne ba ya canja min awo.

Zango_Boy_Ashaiman:
Salam jama'a, ni daga Gana. Ɗan_Agege da ka tambaye mu tun farko da ba ka ƙona itace ba. Nan Ada akwai Songor, babban fadama na gishiri, lokacin rani ruwa na bushewa mutane na shiga suna kwasa, Keta ma haka. Ba wuta ba komai, rana da iska kawai. Kakana ya ce tun zamanin fataken goro gishirin Ada na hawa kogin Volta zuwa arewa. Abin da na sani in an kwaso sabo ba a sayarwa nan take, tarawa ake yi tsibi a rufe a bar shi ya tsane, tsohon gishiri ya fi sabo daraja don ɗacin ya fita. Yanzu dai akwai rigima a wajen tsakanin mutanen gari da masu babban jari kan wa ke da ikon kwasa, wannan kuma wani zance ne.

Injiniya_Sabo:
Ka ga abin da ɗan'uwa na Gana ya faɗa ya yi daidai da bayanin Malam, ruwan ɗacin ne yake tsiyayewa daga tsibin. Manyan kamfanoni kuma wanke shi suke yi, kuma abin dariya da ruwan gishiri ake wankin, wanda ya riga ya ƙoshi ba zai iya narkar da ƙari ba, sai ya kwashe magniziyam da laka ya bar ƙwayar.

Auwalu_Singa:
Ni tambayata ta kasuwa ce. Muna da teku tun daga Badagiri har Kalaba, me ya sa ɗanyen gishirin da kamfanoninmu suke tacewa sai an shigo da shi a jirgin ruwa daga Namibiya da Burazil? Ba lalaci ba ne wannan?

Injiniya_Sabo:
Alhaji akwai sakaci a wasu abubuwan amma wannan yawanci yanayi ne. Gonar gishiri tana son wuri mai shimfiɗe, ƙasa mai yumɓu da ba ta tsotse ruwa, iska, da watanni a jere babu ruwan sama. Legas tana samun sama da milimita 1,500 a shekara, Neja Delta ta fi haka nesa, ga koguna suna ta zuba ruwan daɗi suna tsarma na bakin gaɓa. Ka yi wata biyu kana tara zartsi ruwan dare ɗaya ya mai da kai baya. Gaɓar Gana daga Akara zuwa Ada kuwa wani ikon Allah ne, busasshiya ce, ba ta kai milimita 900 ba. Walvis Bay ta Namibiya hamada ce ta sauko har bakin teku, kusan ba a ruwa. Haka Guerrero Negro a Meziko, haka Gujarat da ke ba Indiya fiye da kashi uku cikin huɗu na gishirinta. Inda muke da ranar babu teku, inda muke da tekun babu ranar.

Auwalu_Singa:
To a jawo bututu daga Legas zuwa Sakkwato mana tunda an iya na mai 😅

'Yar_Keana:
Ana ta zancen ƙasashen waje an manta da mu. A Keana da Awe a jihar Nasarawa mata ne suke dafa gishiri tun kaka da kakanni, daga ruwan zartsin da ke fitowa a ƙasa. Ana zuba shi kan ƙasa ta sha ta bushe, a kankare a zuba a tukwane masu huji a tace, sannan a dafa. Kuma Ɗan_Agege ka ji, kakata ba ta taɓa barin tukunya ta ƙone ƙaf ba, kwashewa take yi da sauran ruwa-ruwa ta zuba a kwando ya ɗige. Ban taɓa tambayarta dalili ba sai yau na gane.

Ɗan_Agege:
Allah ya ji ƙan kaka in ta rasu, in tana raye ya ƙara mata lafiya. To Malam_Sinadari a aikace yanzu, in zan sake, a ina zan tsaya? Ba ni da wancan ma'aunin na Injiniya.

Malam_Sinadari:
Yi wa tukunyar alama da kara. In da lita 25 ka fara, dafa har ya koma kamar lita 3, za ka ga wani farin gari ya kwanta a ƙasa yana kama tukunya, sauke ka bari ya lafa ka tsiyaye ruwan a wani mazubi ka zubar da garin, jifsam ne. Daga nan rage wuta sosai, ko ma ka zuba a faranti mai faɗi ka sa a rana. Wajen lita biyu da rabi ƙwayoyi za su fara fitowa masu kusurwa huɗu, ka riƙa tsamewa da matsami. In ruwan ya rage kamar lita ɗaya ka tsaya, ko da kana ganin akwai sauran gishiri a ciki, haƙura za ka yi da shi. Kar ka yi tunanin sanyaya shi zai sa ya fito kamar yadda sukari yake yi, gishiri ruwan zafi da na sanyi kusan ɗaya yake narkewa, giram 36 a ruwa milimita... afuwan, mililita 100 a yanayin ɗaki, a tafasasshe kuma 39 kacal. Sai dai ruwan ya tafi.

Kuma wancan ruwan ɗacin da za ka bari ba banza ba ne a wajen masu masana'anta. A cikinsa wani saurayi mai suna Balard ya gano sinadarin buromin a 1826 a fadamun gishirin Montpellier ta Faransa. Japanawa suna kiransa nigari, da shi suke daskarar da awararsu.

Hajjo_Mai_Waina:
Tsaya Malam, awara dai awara? Mu da ruwan tsami muke yi, wasu kuma gishirin Ingila suke sawa.

Malam_Sinadari:
Ita fa Hajiya. Gishirin Ingilan ma ai magniziyam salfet ne, ɗan gidan su ɗaya, yana cikin wannan ruwan ɗacin.

Abu_Jidda:
Mu nan Saudiyya abin juye yake, ruwan muke so gishirin ne shara. Yawancin ruwan famfon Jidda da Makka daga teku ake tace shi, akwai babbar tasha a Shu'aiba. Wani bincike da masana na jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2019 ya ce duk lita ɗaya ta ruwan sha da aka samu ana barin kamar lita ɗaya da rabi ta ruwan zartsi, a duniya gaba ɗaya kubik mita miliyan 142 kullum, fiye da rabi daga Saudiyya da Daular Larabawa da Kuwaiti da Ƙatar, akasari kuma teku ake mayar da shi yana nutsewa ƙasa don ya fi nauyi, yana takura wa halittun wurin. Yanzu bincike ya karkata kan yadda za a ciro magniziyam da buromin har da litiyam daga ciki maimakon zubarwa, sai dai tsadar wuta ce matsalar.

Nas_Bilkisu:
Tunda an dawo kan sake dafawa, ni dai ban ba da shawarar a ci ba. Hajjo ta faɗi gaskiya tun farko kan datti. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire ɓurɓushin roba ko gubar ƙarfe, tattara su ma take yi. A 2018 masana a jami'ar Incheon ta Koriya ta Kudu tare da ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace sun gwada gishiri iri 39 na kasuwa daga ƙasashe daban-daban, 36 an samu ɓurɓushin roba a ciki, na teku ya fi yawa, mafi muni na Indunusiya. Wannan fa na kamfani ne, ina ga wanda aka ɗebo inda ake wanka da hawan doki.

Sarkin_Musu:
Kin ga ni kenan, na kamfanin ma bai tsira ba. A dawo da beza kawai, hamada babu leda.

Ba'agadashe:
Wa ya hwaɗa maka? Zo ka ga leda bisa ƙaya har bayan gari.

Baban_Khairat:
Ni tambaya ɗaya ta rage min, me ya sa a hotuna gonakin gishirin suke yin ja ko ruwan hoda, kamar tafkin nan na Senegal? Na ɗauka kala ake zubawa.

Injiniya_Sabo:
Halittu ne ƙanana da ba sa rayuwa sai a zartsi mai tsanani, wani gansakuka mai suna Dunaliella da ke tara sinadarin da ya sa karas ya yi ja, da wasu ƙwayoyin masu jan launi. Masu gona suna son su don ruwa mai duhu ya fi kama zafin rana, ya fi saurin ƙafewa. Tafkin Retba kake nufi kusa da Dakar, masu haƙar gishirin can man kaɗe suke shafe jiki da shi kafin su shiga. Da ambaliyar 2022 ta tsarma ruwan launin ya ɓace na wani lokaci.

Ɗan_Agege:
'Yan gida na dawo da rahoto. Na sake da wata lita 10 ta ruwan tekun, na bi yadda Malam ya ce, na ƙarasa a faranti a kan rufin kwano kwana uku ina gudu da shi duk sanda hadari ya haɗo. Wallahi ƙwayoyin sun fito masu kusurwa huɗu kamar an yanka da reza, yara har rigima suke wajen kallo. Ɗacin ya ragu sosai amma ban ce babu ba, kuma har yanzu yana ɗan danshi. Bai cika gwangwani ɗaya ba. Uwargida ta ɗanɗana ta ce ba laifi amma maganar Nas ta fi shigarta, don haka yana nan a kwalba kan talabijin.

Malam_Sinadari:
Ka wanke shi da ruwan gishiri kamar yadda Injiniya ya ce? Ina zargin nan ka tsallake.

Ɗan_Agege:
Ban wanke ba gaskiya, tsoro na ji kar ɗan abin ya narke in tashi a tutar babu.

Hajjo_Mai_Waina:
Ni ruwan ɗacin nake tambaya, ka zubar ko yana nan? In yana nan ka ajiye min, maƙwabciyata mai awara ta ce sai ta gani da idonta.

Nas_Bilkisu:
Hajjo dan girman Allah kar a sayar wa 'ya'yan mutane.